Jahun da Jafunawa: Gadon Gida Biyu a Kwarin Kogin Haɗeja

1.0 GABATARWA



Idan Bahaushe ya haɗu da baƙon da bai sani ba, bayan an gaisa, tambayar da yakan fara yi ita ce, "Daga ina?" In zance ya yi nisa sai ya ƙara da cewa, "Ɗan gidan wa?" Tambayoyin nan biyu gajeru ne, amma akwai mutane masu ɗimbin yawa a ƙasar Hausa waɗanda in har za su amsa su bisa gaskiya, to, sai an shimfiɗa tabarma an zauna. Mutum ne kakansa na wajen uba Bafillace mai shanu, kakarsa ta wajen uwa kuwa daga Mangawa ta fito, shi kuma tun da aka haife shi bai taɓa buɗe baki da wani harshe ba sai Hausa. Irin wannan mutum shi wane ne, kuma ina ne gidansu?

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wannan tambaya ta hanyar gari guda, watau Jahun, tare da ƙasar da ke kewaye da ita a kwarin Kogin Haɗeja. Dalilin zaɓen Jahun kuwa shi ne tana da wani abu da ba kowane gari ke da shi ba. A cikinta akwai gidajen da ke amsa sunan Fulani alhali Hausa ce harshensu na yau da kullum. Can kuma a Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya akwai dubban mutane masu amsa sunan Jafun, suna magana da Fillanci, alhali galibinsu ba su taɓa taka Jahun ba. Wasu sun riƙe ƙasa sun saki harshe, wasu sun riƙe harshe da suna sun saki ƙasa. Za a fara da bayanin ƙasar da mutanenta na farko, sannan a bi sawun waɗanda suka zauna da waɗanda suka tashi, daga nan a nemi shaida a cikin harshe da al'adun zumunci, a ƙare da abubuwan da ke yi wa wannan gado barazana.

2.0 ƘASA DA KOGI

Jahun tana gabas da birnin Kano, arewa maso gabas da Dutse, kudu maso yamma da Haɗeja. A zamanin En'e gunduma ce ta masarautar Kano. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, sai ta zama ɗaya daga ƙananan hukumomin sabuwar jihar, a ƙarƙashin masarautar Dutse. Ke nan a siyasance ba ta cikin ƙasar Haɗeja. Amma ruwa bai san iyakar masarauta ba. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya ratsa ta arewacin ƙasar Jahun da Miga, ya wuce Auyo da Haɗeja, sannan ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, kafin ya haɗu da Kogin Jama'are su nufi Tafkin Chadi da sunan Komadugu Yobe.

Ƙasar iri biyu ce. Akwai jigawa, watau tudun rairayi, inda ake noman gero da dawa da wake da riɗi da damina, kuma daga nan ne jihar ta samo sunanta. Akwai kuma fadama, wadda ruwa ke malalewa a kanta da damina ya janye da kaka. Wannan malala da janyewa su ne asirin zaman wurin. Fili guda yakan ciyar da mutum uku a shekara ɗaya: masunci yana kama kifi lokacin da ruwa ya cika, manomi yana shuka shinkafa ko ya bi laima da wake da kayan lambu in ruwa ya ja baya, makiyayi kuma ya shigo da rani ya tarar da ɗanyar ciyawa da karan da aka bari, shanunsa su bar wa mai gona taki. Mutanen da sana'arsu ta sa suke cin abinci a fili guda dole su san juna, su yi ciniki, su yi faɗa, su shirya, kuma daga ƙarshe su auri 'ya'yan juna. Cuɗanyar jini a wannan kwari daga nan ta samo tushe.

3.0 MUTANEN FARKO

Wanda ya ji yadda Hausa ta mamaye kwarin nan a yau zai zaci haka abin yake tun fil azal. Tarihi bai nuna haka ba. Kafin jihadi, ƙasar da ake kira Haɗeja ƙananan masarautu bakwai ne: Auyo, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi, Dawa da ita Haɗeja kanta, kuma suna bin Barno ne ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Mutanen Auyo suna da harshensu na kansu, Auyakanci, kamar yadda mutanen Shira da na Tashena a ƙasar Katagum suke da nasu. Labarin gargajiya yana cewa 'yan'uwa uku ne daga Bagarmi suka kafa waɗannan garuruwa. Masanin harsuna Russell Schuh ya nazarci 'yan kalmomin da aka samu aka rubuta na waɗannan harsuna, ya nuna a wata maƙala da aka buga a shekarar 2001 cewa dangin harshen Bade ne da Ngizim. Dukkansu uku sun mutu. Amma mutanen ba su mutu ba. Jikokinsu suna nan a Auyo da kewayenta, suna noma, suna su, kuma in an tambaye su a yau Hausawa ne, babu mai musa musu.

Abin lura a nan shi ne, hatta labarin da Hausawa suke bayarwa game da asalin kansu labarin auratayya ne tsakanin baƙo da 'yar gida. An ce Bayajida daga gabas ya zo, ya sauka a Barno, ya auri Magira 'yar Mai na Barno. Da ya gudo yamma sai ya bar ta da ciki a Garun Gabas, a nan ƙasar Haɗeja, ta haifi Biram. Shi kuwa ya wuce Gaya, ya isa Daura, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, aka haifi Bawo, wanda 'ya'yansa shida tare da Biram suka cika Hausa Bakwai. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan gaskiyar aukuwar wannan labari, kuma ba wannan ne wurin warware ta ba. Abin da ya shafi wannan lacca shi ne irin hoton da al'umma ta zaɓa ta yi wa kanta. A cikin labarin, Biram, wanda ake ɗauka babba a cikin bakwai ɗin, ubansa baƙo ne, uwarsa Babarbariya, kuma a kwarin Kogin Haɗeja aka yanke masa cibiya. Al'ummar da ta ajiye irin wannan labari tana koya wa 'ya'yanta shi ba ta ɗauki haɗuwar jini abin kunya ba.

4.0 FULANIN DA SUKA ZAUNA

Fulani makiyaya sun daɗe a wannan yanki kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, domin fadama ita ce mafakar shanu da rani. A ƙasar Kano an san su ƙungiya ƙungiya, kamar Sulluɓawa da Yolawa da Dambazawa da Danejawa da Joɓawa, kuma a cikinsu akwai Jahunawa, waɗanda sunansu ke haɗe da garin Jahun. A Haɗeja kuwa Umaru ne Sarkin Fulani, ƙaninsa Sambo kuwa shi ne ya kafa gidan sarautar da ke mulki har yau. A kudu da nan Malam Zaki ya ci Shira da Tashena ya kafa Katagum.

Da mulki ya koma hannun Fulani sai wani abu ya faru wanda ya saɓa wa abin da aka saba gani a tarihin duniya. A bisa al'ada wanda aka ci da yaƙi shi yake koyon harshen wanda ya ci shi. A nan sai masu mulki suka ɗauki harshen talakawansu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Hausa ce harshen kasuwa da na fada tun kafin su zo, da ita ake shari'a ake karɓar haraji, da ita malamai suke wa'azi in suna son jama'a su fahimta. Ko a gidan Shehu kansa, Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ƙaninta Isa kuma ya mayar da waƙoƙin Fillanci zuwa Hausa domin amfanin jama'a. Babban dalilin da ya fi waɗannan duka kuwa yana cikin ɗaki. Sarakuna da hakimai da attajirai sun auri matan gari, sun kuma ajiye sa-ɗaka daga ƙabilu dabam dabam, yaro kuwa harshen da aka yi masa rarrashi da shi yake tashi da shi. Kafin a yi jika uku sai ga Bafillace na asali wanda ba ya jin ko "zo ka kashe ni" da Fillanci.

Daga nan ne aka sami rabuwar da kowa ya sani, ta Fulanin gida da Fulanin daji. A ƙasar Jahun ana iya ganin duka biyun a kasuwa guda, har ma a zuriya guda. A rugage da ƙauyuka da dama Fillanci yana nan da ransa, a cikin gari kuwa sai a tarar da jikan da kakarsa ke yi masa magana da Fillanci yana ba ta amsa da Hausa. Abin da ya rage wa irin wannan yaro na Fulatanci shi ne sunan asali, da wasu ɗabi'u na kunya da kawaici waɗanda Bahaushe ya ara musu suna daga Fillanci yana kiran su fulako, da kuma wata saniya ko biyu da ake cewa tasa ce a hannun 'yan'uwa a ruga.

5.0 FULANIN DA SUKA TASHI

Ba duka ne suka zauna ba. A cikin ƙarni na 19 wasu makiyaya suka kwashi dukiyarsu suka bar wannan yanki suka yi kudu da gabas, suna neman makiyaya mai yalwa da nisa da hannun masu karɓar jangali. Sun bi ta ƙasar Bauchi da ta Yola, zango bayan zango, har kafin ƙarshen ƙarnin suka hau tudun Adamawa a cikin Kamaru ta yau, suka yi babban mazauni a Lompta kusa da Galim. Duk inda suka sauka sunan garin da suka fito ake kiran su da shi. Da Fillanci Jaafun'en ne, a rubuce-rubucen Faransawa kuwa Djafoun. Bambancin Jahun da Jafun ba zai ba mai nazarin Hausa mamaki ba, domin musayar "f" da "h" a gaban wasalin "u" sananniya ce, kamar a fuska da huska, ko fushi da hushi, ko fuɗu da huɗu.

Daga tudun Adamawa suka ƙara bazuwa. A farkon ƙarni na 20 Arɗo Sabga ya jagoranci jama'arsa zuwa tsaunukan Bamenda, inda har yau akwai gari mai sunansa a kan hanyar Bamenda zuwa Ndop. Daga shekarun 1920 wasu suka shiga ƙasar da ta zama Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. An san Jafunawa da jajayen shanu masu dogon ƙaho, irin waɗanda ake kira rahaji a ƙasar Hausa, saɓanin 'yan'uwansu Aku da suka biyo baya da fararen shanu tun daga shekarun 1940. Masana irin su René Dognin da Jean Boutrais da Michaela Pelican sun yi rubutu mai yawa a kan wannan ƙaura, amma galibinsa da Faransanci ne da Ingilishi, saboda haka bai iso kunnen mutanen Jahun ba.

Halin da Jafunawa suka sami kansu a can shi ne ya fi dacewa da jigon wannan lacca. Sun shekara fiye da ɗari a tsaunukan Bamenda, a can aka haifi kakanninsu aka binne su, amma maƙwabtansu manoma suna ɗaukar su baƙi ne da suka zo daga baya, waɗanda ba su da ƙasa sai aro. Neman mafita daga wannan ne ya sa 'yan bokonsu, tare da sauran Mbororo, suka kafa ƙungiyar MBOSCUDA a 1992 domin kare haƙƙinsu da neman ilmi. Da rikici ya ɓarke a Afirka ta Tsakiya a 2013 da 2014, makiyaya masu yawa sun rasa rayuka da dukiya, wasu suka tsere zuwa Kamaru da Chadi. Rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru, wanda ya faro a 2016, shi ma ya rutsa da su tsakanin sojojin gwamnati da 'yan aware. Inda aka haife su ana ce musu baƙi. In kuwa ɗayansu ya ɗauko jaka ya zo Jahun, garin da yake amsa sunansa, zai sauka ne a matsayin ɗan wata ƙasa mai fasfo, watakila ma sai an nemo masa tafinta. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai Jafunawa sun nuna cewa gida yakan bar mutum, shi bai bar sunan gidan ba.

6.0 SHAIDAR HARSHE

Harshe ba ya ɓoye tarihin masu shi. Joseph Greenberg ya nuna tun a 1960 cewa wasu muhimman kalmomin Hausa ta hanyar Barebari suka shigo, ciki har da karatu da rubutu da kasuwa. Haka sarautun Galadima da Ciroma da Yarima daga Barno aka aro su, kuma a ƙasar Haɗeja Bulama ake ce wa mai riƙe da ƙauye, kamar dai a Barno. Daga Fillanci kuwa aka sami arɗo da burtali da kindirmo da sharo.

Irin wannan aro ba abin mamaki ba ne, domin kowane harshe yakan ari sunan kayan ciniki da na sarauta daga maƙwabci. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne sunayen dangi. Yaron Bahaushe a Jahun ko Kano yana kiran ɗan'uwan mahaifiyarsa kawu, ɗan'uwan mahaifinsa baffa, 'yar'uwar mahaifinsa gwaggo, 'yar'uwar mahaifiyarsa inna. Dukkan kalmomin nan huɗu daga Fillanci suke. Hausa tana da nata, alal misali rafani, wanda har yanzu ake ji a Hausar yamma da ma'anar kawu, amma a gabas na aro sun danne na gida. Sunan kaya a kasuwa ake aron sa, sunan sarauta a fada. Sunan kawu da gwaggo kuwa babu inda za a are shi sai a tsakar gida, inda ake da kawun da gwaggon da suke son a kira su da harshensu. Ke nan duk Bahaushen da ya ce kawu ya ba da shaidar wata auratayya da aka yi, ko a gidansu ko a gidan maƙwabta, ko da shi bai san da ita ba.

7.0 DANGIN UBA DA DANGIN UWA

A ƙa'idar Bahaushe da Bafillace da Babarbare, uba ke ba da asali. Ɗa yana ɗaukar ƙabilar ubansa da sana'arsa da tsagar gidansu, kuma ta wannan hanya ake neman sarauta. In da wannan ce kaɗai ƙa'idar, da tambayar da aka fara da ita ba ta da wuya: a dubi uba a yanke hukunci. Amma harshen Hausa da kansa ya nuna akwai wata ƙa'ida ta biyu. Kalmar da take nufin makusanci abin ƙauna ita ce ɗan'uwa, watau ɗan da aka haɗa uwa da shi, kuma ita aka faɗaɗa ta game dukkan dangi har da abokan zama. Ɗan'uba kuwa, wanda aka haɗa asali da gado da shi, sunansa ya zama na abokin hamayya, har ana cewa wane yana yi wa wane 'yan'ubanci. Asali na uba ne, amma zumunci ta wajen uwa ya fi danƙo.

Al'adu da dama suna ƙarfafa wannan. Mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wankan jego a hannun mahaifiyarta. Saboda haka ɗan fari, wanda shi ne magajin gidan ubansa, sau da yawa a garin uwarsa aka binne cibiyarsa. Akwai kuma riƙo, inda ake ɗaukar yaro bayan yaye a ba kaka ko gwaggo ko inna, ya tashi a wani gari, wani lokaci da wani harshe. Yaron da ubansa Bajahune ne, aka yaye shi a hannun kakarsa a Birniwa ko Guri, inda Mangawa da Badawa suke da yawa, zai girma yana da ƙofofi biyu da zai shiga ba tare da sallamar baƙo ba. Wannan ne Bahaushe ya taƙaita da cewa gida biyu maganin gobara.

Sai kuma wasa. Ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, suna da izinin tsokanar juna da karɓar kuɗin shara, kuma a cikinsu aka fi ƙulla auren zumunci. Wannan dangantaka ce aka ɗauka aka shimfiɗa a tsakanin al'ummu: Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa. Idan Bafillace ya tare Babarbare a kasuwar Haɗeja ya ce masa bawansa ne, shi kuma ya rama, 'yan kallo suka yi dariya, abin da ake faɗa a fakaice shi ne su biyun ɗan mace ne da ɗan namiji. An yi yaƙe-yaƙe masu zafi tsakanin Barno da masu tutar Shehu a wannan yanki, kuma ba a manta ba. Wasan hanya ce da magabata suka samo ta mayar da tsohuwar gaba abin dariya, domin jikokin da suka haɗa jinin ɓangarorin biyu su sami wurin tsayawa.

8.0 ABUBUWAN DA KE BARAZANA

Wannan gado yana fuskantar matsi ta fuska uku. Na farko daga kogin ne. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun kawo noman rani da ruwan sha ga birnin Kano, amma sun sauya yadda ruwa ke zuwa kwari. Malalar da aka saba da lokacinta ta ragu, ruwan da ke gudana rani da damina kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, har wasu wurare suka bushe wasu suka nutse. Ambaliya irin ta 2012 da 2020 da 2022 ta cinye gonaki da gidaje a faɗin kwarin. Ga fari na 1973 da na 1984 da suka riga suka karya makiyaya da yawa, ga jama'a ta ƙaru, injin ban ruwa ya sa ana noma fadama duk shekara, burtali kuma ya shige cikin gona. Filin da ke ciyar da mutum uku bi da bi ya zama su ukun suna neman sa a lokaci guda. Rigingimun manoma da makiyaya da ake samu a wajejen Guri da Kiri Kasamma daga nan suke, ko da yake Gwamnatin Jihar Jigawa ta kafa hukuma ta musamman domin sasanta su.

Na biyu daga takarda ne. Tun daga tsarin mulkin 1979 aka shigo da rabon muƙamai bisa jihar da mutum ya fito, na 1999 ya ci gaba da haka. A aikace sai wannan ya haifar da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga makaranta da ɗaukar aiki. Takardar gurbi ɗaya gare ta. Shi tsarin mulkin ya ambaci iyaye da kakanni ba tare da ware uwa ba, amma abin da aka saba shi ne a bi garin uba. Wanda gidansa biyu ne dole ya zaɓi ɗaya a gaban ma'aikaci, ya yi shiru game da ɗayan.

Na uku daga baki ne. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya yi ƙamari a Zamfara da Katsina da Sakkwato, an sami masu kira a kafofin sadarwa na zamani cewa a raba Bahaushe zalla da Bafillace zalla, kowa ya san nasa. Ba a raina zafin da ya haifar da wannan magana ba, domin wanda aka kashe wa ɗa ko aka kore shi daga gonarsa yana da hakkin ya yi kuka. Amma duk mai son ya yi wannan rabo, sai ya zo kwarin Haɗeja ya gwada. Ina zai sa jikan Auyakawa da ya zama Bahaushe shekara ɗari biyu da suka wuce? Ina zai sa Bajahunen da ba ya jin Fillanci, wanda uwarsa da kakarsa Hausawa ne? Wuƙar da za ta yi wannan yanka ta tsakiyar ɗaki za ta bi, ta raba ɗa da kawunsa. Hannun mutum kuwa ba ya ruɓewa ya yanke ya yar.

9.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa amsar "ɗan gidan wa?" a wannan kwari tana da igiya fiye da ɗaya: akwai asalin uba, akwai zumuncin uwa, akwai harshen da aka tashi da shi, akwai ƙasar da aka binne cibiya. Auyakawa sun rasa harshe, ƙasa ta riƙe su. Jafunawa sun rasa ƙasa, suna da harshe suka riƙe su. Mutumin Jahun na yau yana da rabo a cikin kowanne, kuma babu igiyar da ta wajaba ya tsinke domin ya riƙe wata. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta riga ta bayyana cewa hikimar rarraba mutane dangi dangi ita ce su san juna.

Sanin juna kuwa aiki ne, kuma akwai rabon jami'o'i a cikinsa. Jihar Jigawa tana da Jami'ar Tarayya a Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, kuma dukkansu ba su da nisa da Jahun. Ya kamata ɗaliban Hausa da na Tarihi su shiga ƙauyukan kwarin nan da na'urar ɗaukar magana, su tattara salsalar gidaje daga bakin tsofaffi, musamman tsofaffin mata, domin su ne suka san wadda aka auro daga ina. Ya kamata a bincika sunayen garuruwa da na kifaye da na kayan su a ƙasar Auyo, ko a dace da ragowar kalmomin Auyakanci da suka ɓuya a cikin Hausar wurin. Ya kamata a fassara abin da aka rubuta game da Jafunawa zuwa Hausa da Fillanci, a kuma nemi haɗin gwiwa da jami'o'in Ngaundere da Bamenda, ta yadda wata rana jikokin waɗanda suka tashi za su zo su ga garin da suke amsa sunansa, jikokin waɗanda suka zauna su tarbe su da ƙwaryar fura. Zumunta dai a ƙafa take.